Maganin ido mai kauri: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi game da jel

Masu zuwa asibitin ido a Kaduna sun fara sabawa da wani nau'in magani wanda ba ruwan ɗigawar da aka sani ba ne, ba kuma man tetracycline mai ruwan ɗorawa da iyayenmu suka saba da shi ba. Wani a 'yar roba yake zuwa, a matsa ya fito garau mai yauƙi. Wani a kwalba yake kamar ruwa, sai ya shiga ido sannan ya yi kauri. Shi ake kira jel. Na tattaro tambayoyin da majinyata da masu jinya suka fi maimaitawa a kansa, saboda bayanin da ake yi a tagar karɓar magani yakan yi kaɗan: layi da tsawo, mai bayarwa kuma yana sauri.

Mene ne bambancinsa da maganin ɗigawa, tunda duk a ido ake sa su?

Bambancin yana ga tsawon zaman da magani ke yi a kan ido kafin ya tafi. Ido ba ya riƙe ruwa mai yawa. Hawayen da ke shimfiɗe a kansa a kowane lokaci kusan mikrolita 7 ne, alhali sai an tara mikrolita 1,000 ake samun mililita ɗaya. Ko an ja fatar ido ta ƙasa, abin da wurin zai ɗauka bai wuce mikrolita 30 ba. Ɗigo guda daga kwalbar magani kuwa yakan kai 30 zuwa 50. Ke nan tun ba a je ko'ina ba wani kaso ya gangaro kumatu.

Wanda ya rage ma ba ya samun sukuni. Ido na ɗaukarsa baƙon abu, sai ya ƙaro hawaye ya surka shi. Mutum na ƙifta ido sau 15 zuwa 20 a minti guda, kowace ƙiftawa kuma tana tura ruwan zuwa wasu 'yan ƙofofi biyu da ke lungun ido ta wajen hanci. Daga nan ya gangara cikin hanci, ya wuce maƙogwaro. Shi ya sa ake jin ɗaci a baki bayan an ɗiga magani a ido. Cikin 'yan mintuna mafi yawansa ya tafi, abin da ke ratsa ƙwayar ido ya kai ciki yawanci bai cika kashi 5 cikin 100 ba.

Don rage wannan asara aka ƙirƙiro jel. Kaurinsa na hana shi saurin gangarewa, wani ma liƙewa yake yi a jikin yauƙin da Allah ya shimfiɗa a fuskar ido, sai maganin da ke cikinsa ya riƙa fita sannu a hankali. Ribar biyu ce: an rage yawan sawa a rana, an kuma rage abin da ke bi ta hanci ya shiga jini. Sai dai a lura, in ban da na bushewar ido, jel ɗin kansa ba shi ne maganin ba, ɗaukar magani kawai yake yi. Jel biyu na iya yin kama da juna a ido, amma abin da ke cikinsu ya sha bamban.

An ce da folima ake yinsa. Ba da ita ake yin leda da roba ba?

Da ita ake yi, amma sitaci ma folima ne, auduga ma haka. Duk sinadarin da ƙananan ƙwayoyi iri ɗaya suka jeru a cikinsa suka yi dogon zare, shi ne folima. Waɗanda ake zaɓa domin ido masu son ruwa ne, zaruruwansu na harɗewa da juna su riƙe ruwa a tsakani. Duk matar da ta taɓa kaɗa miyar kuɓewa ko karkashi ta ga wannan aiki da idonta, don yauƙin nan dogayen zaruruwa ne da suka sha ruwa. A jel na ido ruwan ya fi yawa nesa ba kusa ba. Na bushewar ido da aka fi sani, folimar da ke ciki kashi 0.2 ce kawai cikin 100.

Idan kuka duba jikin kwali za ku ga sunayensu. Hypromellose da carmellose daga ɓargon itace da auduga ake sarrafa su. Carbomer, wato kaboma, a masana'anta ake haɗa shi. Gellan, wato jelan, da xanthan wasu ƙwayoyin bakteriya marasa cutar da mutum ne ke samar da su idan aka ciyar da su sukari. Guar daga wani wake ne da ake nomawa a Indiya da Pakistan, alginate kuma daga ciyawar teku. Sodium hyaluronate kuwa, wato hayaluronet, akwai shi a jikinmu, a gaɓoɓi da fata da cikin ido. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara fitar da shi a 1934 a Jami'ar Columbia ta Amurka, daga ruwan cikin idon saniya.

Kada wani ya ji zancen kuɓewa ya ce zai jiƙa ta ko ya jiƙa ƙaro ya ɗiga a ido. Na asibiti an tace shi, an kashe duk ƙwayar cutar da ke ciki, an daidaita gishirinsa da tsaminsa da na hawaye. Na gida babu ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Nawa ruwa ne tsululu a kwalba, amma an rubuta yana zama jel. Ko jabu aka ba ni?

Ba jabu ba ne, haka aka tsara shi, kuma a ganina nan ne hikimar masu harhaɗa magani ta fi fitowa. Jel mai kauri tun daga roba yana da wuyar aunawa: yau a matso da yawa, gobe kaɗan. Ruwa kuwa ɗigonsa kusan daidai yake kullum. Sai aka nemi abin da zai fito a matsayin ɗigo, ya daskare bayan ya sauka. Hanyoyi uku aka fi bi.

Ta farko gishirin hawaye. Hawaye na ɗauke da sodiyam da fotasiyam da kalsiyam, shi ya sa yake da ɗanɗanon gishiri. Folimar jelan na zaune a narke muddin babu gishiri, da ta haɗu da na hawaye sai zaruruwanta su kama juna. Timoptic-XE na kamfanin Merck, wato maganin hawan jinin ido timolol a cikin jel, wanda aka amince da shi a Amurka a 1993, da wannan dabara yake aiki.

Ta biyu tsami. Kaboma ba ta yin kauri a ruwa mai ɗan tsami, amma hawaye ba shi da tsami, don haka da ta shiga sai ta kumbura. Matsalar ita ce ruwa mai tsami yana yi wa ido zafi, sai an yi taka-tsantsan wajen haɗawa.

Ta uku ɗumi. Akwai folimar da ke zama ruwa cikin sanyi, ta daskare idan ta ji ɗumin jiki, kamar poloxamer 407. Ɗumin fuskar ido kusan digiri 34 ne a ma'aunin Selshiyas. A Japan akwai timolol mai aiki da ɗumi a kasuwa, sauran kuma galibi suna ɗakunan bincike. Nan ne nake da damuwa. Masu binciken suna lissafi ne da ɗaki mai ɗumin digiri 25. Mu kuwa a Kaduna, a watannin Maris da Afrilu zafin rana na haura 35, ɗakin kwano mara silin ya fi haka. Maganin da ya kamata ya daskare a ido zai iya daskarewa tun a kwalba. Don haka ina ganin mai aiki da gishirin hawaye ya fi dacewa da mu, kuma ina fatan tsangayoyin harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jihar Kaduna su riƙa gwada irin waɗannan magunguna a zafin ƙasarmu, ba a dogara da gwajin ƙasashen sanyi kaɗai ba.

Babanmu na da hawan jinin ido. Da sau biyu yake ɗiga timolol, yanzu an canza masa mai jel sau ɗaya a rana. Bai yi kaɗan ba?

Bai yi kaɗan ba, 'yar'uwa. Maganin ɗaya ne, ƙarfinsa ma ɗaya, ko kashi 0.25 ko 0.5 cikin 100. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shi sun nuna cewa sawa ɗaya ta jel na sauko da matsin ido kusan daidai da sawa biyu ta ruwa. Yawanci da safe ake cewa a sa, domin timolol rage ruwan da ido ke samarwa a ciki yake yi, ruwan nan kuma da rana ya fi yawa, da dare yana raguwa da kansa. Kada ku ƙara masa na biyu da yamma don ganin kamar an rage masa. Ba zai ƙara amfani ba, sai dai ya ƙara abin da ke shiga jininsa.

Ina son ku fahimci dalilin da ya sa wannan sauƙin ke da muhimmanci. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin 'yan shekara 40 zuwa sama, kusan mutum 5 cikin 100 na da wannan ciwo, kuma wajen mutum ɗaya ne cikin ashirin daga cikinsu ya san yana da shi. Shi ne na biyu wajen jawo makanta bayan yanar ido, da kashi 16.7 cikin 100. Yana ana cire ta gani ya dawo. Ganin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ba ya dawowa, iyakar abin da magani ke yi shi ne tsare abin da ya rage. Ciwo ne da galibi ba ya zafi, don haka tsoho ba ya jin komai a ranar da ya tsallake magani. Ga hannu na rawa, ga gani ya ragu, sai ya jira jika ya dawo daga makaranta ya ɗiga masa. A irin wannan hali sawa ɗaya bayan sallar asuba, lokacin da kowa na gida, ta fi yiwuwa a ɗore da ita shekara da shekaru.

Ku ma 'ya'yansa ku je a auna ku, musamman waɗanda suka kai arba'in, don ciwon na bin jini.

Ina da asma. Tunda jel ba ya shiga jini sosai, zan iya amfani da timolol ɗin?

A'a. Jel ya rage abin da ke shiga jini, bai hana shi gaba ɗaya ba. Timolol na iya tsuke hanyoyin numfashi, yana kuma rage bugun zuciya. Mai asma, da mai daɗaɗɗen ciwon huhu, da wanda zuciyarsa ke bugawa a hankali ko ta gaza, ya faɗa wa likitan ido tun kafin a rubuta. Akwai wasu magungunan hawan jinin ido da ba su da wannan illa. Mai ciwon sukari ma ya faɗa, don maganin na iya ɓoye alamun faɗuwar sukari.

Yaya ake sa shi daidai?

Ku wanke hannu da sabulu. In timolol ne mai zama jel, ku kifa kwalbar tana rufe ku girgiza sau ɗaya, ba a buƙatar fiye da haka. In na roba ne, ku riƙe ta tsaye bakinta na kallon ƙasa har ɗigo ya taru. Ku ɗaga kai ko ku kwanta rigingine, ku ja fatar ido ta ƙasa da yatsa, ku dubi sama, ku saki ɗigo ɗaya a cikin ramin da ya buɗe. Kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashin ido ko yatsa.

Daga nan ku lumshe ido a hankali, ba runtsewa da ƙarfi ba, ba kuma ƙifce-ƙifce. Ku ɗora yatsa a lungun ido ta wajen hanci ku ɗan danna har minti biyu. Wannan dannawa ce ke toshe hanyar hanci, kuma ita aka fi mantawa. Ku goge abin da ya zubo da tsumma mai tsabta. In ɗigon ya faɗi a kumatu ku sake, amma in ya shiga, ɗaya ya isa. Na biyu zubewa kawai zai yi.

Ina sawa sai in riƙa gani dishi-dishi, da safe kuma gashin idona ya kama juna.

Wannan ba alamar matsala ba ce. Da timolol mai jel dishin kan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa minti 5, da jel mai kauri sosai yakan ɗan fi haka. Direba, da mai babur, da mai Keke Napep, da tela, da duk mai aiki da inji, ya dakata har gani ya washe. Farin abin da ke bushewa a gashin ido ragowar folima ce, ba kwantsar ciwo ba. A goge da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce.

An ba ni magani uku. Wanne zan fara?

Na ruwa tukuna, da tazarar aƙalla minti 5 tsakanin ɗaya da ɗaya. Sai a jira minti 10 a sa jel. In akwai mai na shafawa, shi ne ƙarshe. In aka fara da mai kauri, zai tare hanya, na ruwan ya zame ya fita.

Duk hunturu idona sai ya yi kamar an zuba yashi, ga shi kuma yana ta hawaye. Me ya sa za a ce bushewa ce?

Saboda hawaye iri biyu ne a aikace. Akwai siririn da ke lulluɓe da ido kullum, mai haɗe da maiƙo da yauƙi, shi ne ke kare shi. Idan busasshiyar iskar hunturu da ƙura suka tsotse shi, ido ya ji raɗaɗi, sai ya ɓarke da hawaye tsinkakke wanda ba ya zama. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kukan nan ya fi yawa a garin nan. Kallon waya da kwamfuta na ƙara shi don ƙiftawa na raguwa, haka fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Mata da suka manyanta sun fi fama da shi.

A nan jel ɗin kansa ne maganin, babu wani sinadari mai ƙarfi a ciki, kuma ido ba ya sabawa da shi har ya kasa rabuwa. Na kaboma sau uku zuwa huɗu ake sawa a rana. Mutane da yawa sun fi jin daɗin ɗigo mara kauri da rana, jel kuma lokacin kwanciya. Wanda ke bukatar sawa sau da yawa a rana tsawon watanni ya nemi wanda babu sinadarin hana lalacewa a ciki, domin wanda aka fi zubawa, benzalkonium chloride, yana gurza fuskar ido idan ya yawaita. Tabarau mai rufe gefe na taimaka wa masu hawa babur.

Yaron da ke yawan sosa ido har farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, wannan ba bushewa ba ce kawai, borin jini ne na ido. Jel zai ɗan sanyaya masa, amma sai likita ya duba shi.

To man ido na da ya zama tsohon yayi ke nan?

Ko kaɗan. Man ido da maiƙo ake yinsa, irin su farafin da basilin, ya fi komai daɗewa a ido, ga araha, ga jure zafi. Tetracycline mai kashi 1 cikin 100 har gobe ana maganin amosanin ido da shi, sau biyu a rana na mako shida, ana kuma shafa wa jarirai bayan haihuwa. Aibinsa shi ne yana rufe gani na tsawon lokaci, shi ya sa ya fi dacewa da dare. Jel na tsakiya ne: ya fi ɗigo zama, ya fi mai barin gani garau.

Ban da timolol akwai wasu magungunan da aka saka a jel. Fusidic acid mai kashi 1 a cikin kaboma sau biyu ake sa shi a rana domin ciwon ido na bakteriya. Ganciclovir mai kashi 0.15 na maganin gyambon ƙwayar ido da bairos ɗin herpes ke jawowa, sau biyar a rana har ya warke, sannan sau uku na ƙarin kwana bakwai. Akwai azithromycin mai kauri da aka amince da shi a Amurka a 2007, wanda ɗigo tara ne duka maganin: sau biyu a rana na kwana biyu, sau ɗaya na kwana biyar.

Afolo ya shigo gidanmu. In je kemis in sayi jel?

Afolo galibi bairos ne, yana warkewa da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma maganin bakteriya ba ya kashe bairos ko a jel yake ko a ruwa. Abin yi shi ne wanke hannu, raba tawul da matashin kai, da ɗora tsumma mai sanyi. Jel na bushewar ido na iya rage raɗaɗi.

Abin da nake roƙo a guje wa shi ne maganin da aka rubuta dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone ko loteprednol a jikinsa ba tare da likitan ido ya rubuta ba. Suna kawar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake son su, amma daɗewa a kansu na jawo hawan jinin ido da yana, har ga yara. In kuwa akwai gyambo a ƙwayar ido, suna iya sa ya faɗaɗa har ido ya huje. Haka kuma nonon uwa, da ruwan sukari, da ruwan albasa, da fitsari, duk ba na ido ba ne. Fitsarin mai ciwon sanyi na iya lalata ido cikin 'yan kwanaki.

An ba ni jel a asibiti bayan na haihu. Na idon jariri ne?

Maijego, ki tsaya ki karanta, ko ki ba wani ya karanta miki. In an rubuta chlorhexidine, na cibiya ne, kuma kada ya kusanci ido. Magani ne mai kyau da ke hana cibiya ruɓewa, amma a ido ƙonewa yake yi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi bayan samun rahoton yara fiye da 40 a ƙasashe tara na Afirka da aka sa musu shi a ido bisa kuskure, wasu har suka makance. Kuskuren na da sauƙin faruwa, don robar ƙarama ce kamar ta man ido, kuma sau da yawa kaka ko ungozoma ce ke sawa, ba wadda aka yi wa bayani a asibiti ba. Ki ajiye su wuri daban-daban, ki nuna wa duk mai taya ki wanka. In an riga an sa, a wanke idon da ruwa mai tsabta mai yawa na aƙalla minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Yana karya azumi?

Malamai sun yi saɓani. A mazhabar Malikiyya, in abin da aka sa a ido ya kai maƙogwaro har aka ji ɗanɗanonsa, ana rama ranar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Jidda a 1997, ta lissafa ɗigon ido cikin abubuwan da ba sa karya azumi muddin mutum bai haɗiye abin da ya iso maƙogwaronsa ba. Ku tambayi malamin da kuka amince da shi. Ta ɓangaren magani, danna lungun ido na minti biyu na rage abin da ke gangarowa, kuma mai sawa ɗaya a rana zai iya sa nasa lokacin sahur. Abin da ba shi da kyau shi ne mai hawan jinin ido ya ajiye magani wata guda cur.

Babu haram a cikin abin da aka haɗa shi da shi?

Folimomin da na lissafa daga tsirrai suke, ko bakteriya, ko masana'anta. Hayaluronet a da daga zankon zakara ake ciro shi, yanzu mafi yawansa bakteriya ke samarwa.

Ga zafi, ga rashin wuta. Ina zan ajiye shi?

Mafi yawansu an rubuta kada ɗumi ya wuce digiri 25 ko 30. Kada a bar shi a mota, ko bakin taga, ko kusa da murhu, ko a aljihun gaba ana yawo da shi cikin rana. Ku nemi wuri mafi sanyi a ɗaki. Wanda ke da randa ya sa maganin a roba mai murfi ya ajiye a gindinta. Firji sai in takardar ta ce a sa, kuma ba a sashen ƙanƙara ba. In launinsa ya canza, ko ya yi gudaji, ko mai kauri ya tsinke, ko mai ruwa ya daskare a kwalba, ku daina amfani da shi.

Robar ba ta ƙare ba. Dole in zubar bayan wata guda?

Na san da ciwo a zubar da abin da aka saya da tsada, amma ƙa'idar mafi yawansu mako huɗu ce bayan buɗewa, sai in takardar ta faɗi wani abu daban. Ranar lalacewa da ke jikin kwali ta wanda ba a buɗe ba ce. Ku rubuta ranar da kuka buɗe a jikin kwalin. Ƙananan robobi na sawa ɗaya babu sinadarin hana lalacewa a cikinsu, ba a ajiye ragowarsu zuwa gobe.

Abu mai ruwa da ɗumi wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne. A 2023 a Amurka wani maganin bushewar ido da ya gurɓata da bakteriyar Pseudomonas ya kama mutum 81 a jihohi 18, huɗu suka rasu, wasu huɗu aka cire musu ido. Don haka ku duba lambar NAFDAC, ku duba hatimin murfi bai ɓalle ba, ku saya a kantin magani mai rajista, ba a faranti ko cikin mota ba. Kuma ba a aron maganin ido, ko tsakanin miji da mata.

Kwalli fa, da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido?

A dakata da kwalli har ciwo ya warke, a daina zizara shi da abu ɗaya tsakanin mutane. Wani kwallin ma akwai dalma a ciki, bai dace da jarirai ba. Gilashin mannawa a cire shi kafin a sa jel, a jira minti 15 zuwa 30 gwargwadon abin da takardar ta ce. In ciwo ne a idon, kada a mayar sai likita ya yarda.

Ya fi tsada. Ya cancanci kuɗin?

Ya danganta da mutum. Ga tsohon da sai an ɗiga masa, ko wanda ke yawan manta na yamma, ya cancanta. Amma timolol na ruwa da ake sawa sau biyu kullum ba fashi ya fi jel da za a saya wannan wata a kasa saye wata mai zuwa. In kuɗin ya fi ƙarfinku, ku faɗa wa likita kai tsaye, ba abin kunya ba ne, zai rubuta wanda za ku iya ɗorewa da shi. Kada dai ku canza da kanku a kemis, domin yawan sawar ba ɗaya ba ne.

Ciwon sukari ya taɓa bayan idona, ana yi mini allura a ido. Babu jel da zai hutar da ni?

A yanzu babu. Abin da aka sa a fuskar ido, komai daɗewarsa, ba ya isa bayan ido da yawan da zai yi aiki, don akwai shamaki hawa-hawa a tsakani. Ku ci gaba da zuwa allurarku a kan lokaci. Ana binciken jel da za a yi allurarsa cikin ido ya riƙa sakin magani na watanni, don a rage yawan allurar.

Fannin amfani da jel a ido ya yi nisa tun 1960, lokacin da Otto Wichterle da Drahoslav Lím na ƙasar Cekoslobakiya suka bayyana folima mai shan ruwa wadda daga baya aka yi gilashin mannawa mai laushi da ita. A aikin cire yana na zamani ana cika gaban ido da jel na hayaluronet ko na hypromellose don kare ƙwayar ido, a zuƙe shi bayan an gama. A 2018 Amurka ta amince da Dextenza, wani ɗan busasshen jel da likita ke cusawa a ƙofar hawaye bayan aikin ido, ya kumbura ya zauna, ya riƙa sakin dexamethasone miligiram 0.4 har kwana 30, sannan ya narke da kansa.

Yaushe zan daina in koma asibiti, kuma ina zan je a Kaduna?

Ku koma a ranar in gani ya ragu bai dawo ba bayan dishin farko, ko ido na zafi mai tsanani, ko ba kwa iya kallon haske, ko wani farin tabo ya fito a baƙin ido, ko fatar ido ta kumbura bayan sa magani, ko kwantsa mai ruwan ɗorawa na kwarara, musamman ga jariri. Mai amfani da timolol da ya ji numfashi na sarƙewa, ko jiri, ko bugun zuciya ya ragu, ya dakatar ya nemi asibiti mafi kusa nan take.

Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa tana Mando, ta gwamnatin tarayya ce, aikin ido kaɗai take yi. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ga mutanen Zariya da kewaye. In za ku je ku haɗa duk magungunan da kuke sawa da kwalayensu, har da na gargajiya in an gwada, da na hawan jini da sukari da kuke sha. Ku faɗi ranar da aka fara da sau nawa ake sawa a rana. Da wannan ne likita zai bambance ko maganin ne ido bai karɓa ba, ko sinadarin hana lalacewa ne, ko kuwa ciwon ne ya ci gaba.